Haƙorin Makkan Inna

Litinin, 9 ga Oktoba 2023

Yau ma Inna ta faɗi. Wai ba faɗuwa ba ce, "zama na yi da sauri." Na dawo daga lakwal, makarantar da nake koyarwa, na tarar da ita a ƙasa kusa da randa, ta jawo tabarma tana tsintar tattasai kamar da ma nan ta yi niyyar zama. Silifas ɗinta na hagu yana can bakin madafa. Tun damina yake sulluɓe mata ba ta sani ba.

Na ce gobe asibiti. Ta ce wanzami zai zo ya ƙara mata ƙaho. Ƙaho kuma! Bayan nan nata babu inda aska ba ta taɓa ba. Na yi magana har maƙogwarona ya bushe, tana ta tsintarta. Da na gama ta ce, "Malama Farida, an tashi daga aji ko da saura?"

Laraba, 11 ga Oktoba

Da kyar na kai ta. Lokotoro ya ce ta taka da dunduniya, ta kasa. Ya soki babban yatsanta da tsinke, tana kallon silin, ba ta ma san an taɓa ta ba.

Ya ce radiyon da aka yi mata, wato hoton baya, ƙashi kawai yake nunawa. Wai tsakanin ƙasusuwan gadon baya akwai wasu ƴan matasai, kamar na kai, masu ruwa-ruwa, tsufa da ɗaukar kaya suna busar da su, su lotse, wani ya ɓullo ya danne jijiyar ƙafa. Ba a ganin su sai da wani inji, IRM, kuma sai mun je Yamai. In aka yi jinkiri jijiyar tana iya mutuwa, ƙafar ba za ta dawo ba. Haka ya faɗa, bai ɓoye ba.

Inna ta ce, "Ɗana, tun kafin a haife ka nake ɗaukar buhun tattasai daga bakin kogin Komadugu, sai yanzu matashi zai bushe?" Ya yi dariya, ta yi dariya, haƙorin Makka yana walƙiya. Ni kaɗai ce ban ga abin dariya ba.

Asabar, 14 ga Oktoba

Yaya Tahiru ya kira daga Yamai. Ya samo randebu, an ba mu ranar shiga injin, shida ga watan gobe. Ya ce an gargaɗe shi, kada ta zo da ƙarfe ko kaɗan a jiki, ɗan kunne, zobe, laya mai ƙarfe, ko allurar ɗaura kallabi. Injin gaba ɗayansa maganaɗisu ne, ƙato, yana fizgar ƙarfe daga nesa. Ni kuma da wautata na buɗe muryar waya, kowa a tsakar gida ya ji.

Har da Gwaggo A'i ta maƙwabta, da ta shigo aron turmi. Wayyo Gwaggo A'i. Nan take ta san wani, ɗan'uwan wani, a Maiduguri, da inji irin wannan ya tumɓuke masa haƙorin Makka har da dasashi. Ina ta harararta, ita ko tana ƙara gishiri.

Inna ta rufe bakinta da gefen mayafi.

Lahadi, 15 ga Oktoba

Ta ce ba za ta je ba.

Alhamis, 19 ga Oktoba

Kwana huɗu ina abu ɗaya. Lallashi, wa'azi, kuka, duk na gwada. Na koma asibiti in tambayi lokotoro zancen haƙorin, aka ce ya fita ƙauyuka, sai wani mako. Na kira Yaya Tahiru, ya ce, "An ce duk wani ƙarfe, Farida, ni me na sani?" Shi da ke can ƙofar wurin, ya kasa komawa ya yi tambaya ɗaya. Shi ke nan, ya samo randebu, ya gama nasa.

Na san abin da haƙorin yake a wurinta, ba sai an gaya mini ba. Baba ne ya sa aka saka mata a Makka, shekarar da tattasai ya yi albarka suka tafi tare. Ranar da aka kai hari muka gudu daga Bosso, shago da kwalla da tasoshin aurenta duk can suka tsaya, shi kaɗai ta fito da shi, don a bakinta yake. Baba bai kai shekara a nan Diffa ba ya rasu. Duk na sani. Amma haƙori zai kai ta bayan gida in ƙafa ta mutu? Wa zai ɗauke ta? Ni ce dai, ni da nake da yara sittin a aji.

Juma'a, 20 ga Oktoba

Ta sake faɗuwa, wannan karon wajen alwala. Buta ta kife, zanenta ya jiƙe, gwiwa ta goge. Ina ɗaga ta tana cewa ba komai. Nan raina ya ɓaci, na ɗaga murya yadda ban taɓa yi ba. Na ce, "Inna, ki zaɓa! Ko haƙori ko ƙafa, ba za ki riƙe duka biyu ba. Baba ya tafi, haƙorin ba zai dawo da shi ba."

Ta dube ni. Ba ta kira ni Malama ba. Ta ce in miƙo mata buta.

To, ai gaskiya na faɗa. Wani ya kamata ya faɗa.

Talata, 24 ga Oktoba

Innalillahi.

Na dawo na tarar da ita kwance, kumatu ya kumbura, tsumma a baki duk jini. Ashe da na fita ta sa Gwaggo A'i ta samo mata keke-napep, suka tafi kasuwa wurin mai cire haƙori, wanda yake shimfiɗa kayansa a buhu kusa da ƴan kifi. Wai rufin zinariyar kawai zai ɓamɓare. Haƙorin da ke ƙarƙashi ya riga ya ci, ya biyo shi har saiwa.

Na fara faɗa, me ya sa ba a asibiti ba, me ya sa ba a jira ni ba, wane irin ƙarfe ya sa mata a baki. Ta ɗaga hannu. Da kyar maganar ta fito: "Na zaɓa. Yaushe motar?"

Gwaggo A'i kuwa har da cewa ta yi aikin lada. Allah ya sa ban zage ta ba.

Asabar, 28 ga Oktoba

Kumburin ya sauka. Kunu kawai take sha. Duk wanda ya zo gaisuwa, da mayafi a baki take amsawa. Abokan cinikinta na bakin kogi sun aiko tambayar ko za ta ba da iri bana, ta ce su jira ta dawo da ƙafafunta. Direktan lakwal ya ba ni izinin mako ɗaya, da ƙorafi.

Asabar, 4 ga Nuwamba, Yamai

Kwana biyu a kar, babbar motar fasinja. Wanda ya ce a kawo mai ciwon baya ta wannan hanya, Allah ya saka mana. Daga Gure zuwa Damagaram duk ramin da muka faɗa sai na ji ta ja numfashi, amma ko sau ɗaya ba ta ce wash ba. Ni ce ma nake ta mita da direba har wani soja ya ce Madam ki yi haƙuri.

Yaya Tahiru ya tarbe mu a tasha, ya ga giɓin, ya dube ni. Kada ma ya soma.

Litinin, 6 ga Nuwamba

An yi.

Kafin a shiga, mai kula da injin, wani saurayi mai gilashi, ya yi ta tambayoyi da Faransanci ina fassarawa. An taɓa yi mata aiki? Akwai ƙarfe a zuciya, a ƙashi, ɓarɓashin harsashi? Babu. Sai na ce masa, har da ɗan alfahari, akwai haƙorin zinariya amma an cire saboda wannan hoton. Ya ɗago kai. Ya ce, "An cire? Don me?" Wai irin wannan ba ya hana komai, alhazai nawa suke shiga da nasu, balle ma ƙugu za a duba ba kai ba. Ya ce pa-da-poroblam, wato ba matsala, ya ci gaba da rubutunsa.

Ni da nake riƙe maganaɗisu a gaban ƴan aji ina nuna musu yana jan ƙusa ba ya jan zobena na zinariya. Ni.

Inna ta ce, "Me ya ce?" Na ce, "Ya ce gara da aka cire." Ta gyaɗa kai.

Aka kwantar da ita, aka toshe mata kunne, gadon ya zura ta cikin ramin injin. Ƙara kamar ana sussuka a gida goma. Aka ce kada ta motsa, ba ta motsa ba. Ta gilashi ina hango tafin ƙafafunta kawai, na hagun ya karkata gefe.

Laraba, 8 ga Nuwamba

Lokotoron ƙashi ya nuna mana hoton. Matasan na sama fari-fari ne, wai da sauran ruwa a cikinsu. Na ƙasa uku sun yi baƙi, sun lotse. Ya ce wannan bai dame shi ba, duk wanda ya yi shekaru yana ɗaukar kaya za a ga haka, kuma ba a mayar da su sabbi. Ɗaya ne abin dubawa, na kusa da ƙarshe, ya ɓullo ta hagu ya matse jijiya. Ya nuna da biro, na gani da idona, kamar ƙullu da ya tsiyayo daga gefen tanda.

Za a yi aiki a cire abin da ya ɓullo. Ya ce da mun ƙara wata biyu, da ba lallai a samu komai ba. Inna ta ƙura wa hoton ido ta ce, "Ashe haka cikina yake. Baƙi ƙirin, kuma ina ta yawo."

Na kira direkta na ce mako ɗaya ba zai isa ba. Ya yi ta faɗa. Ya yi ta yi.

Alhamis, 16 ga Nuwamba

An yi aikin shekaranjiya. Yau ta motsa babban yatsa. Kaɗan, amma na gani, Yaya Tahiru ma ya gani. Na fita baranda na daɗe.

Juma'a, 15 ga Disamba, Diffa

Mun kwana goma da dawowa. Tana taka sanda har ƙofar gida. Buhu kam an hana ta har abada, ta ce za ta zauna ta riƙa nuni da sandar, manoman Komadugu su ɗauka. Silifas bai sulluɓe ba ko sau ɗaya.

Jiya na je wurin likitan haƙori a ɓoye, na tambaya ko ana mayar da rufin zinariyar. Ya ce a jikin me, tunda haƙorin ya tafi? Sai dai sabo. Sabo na me.

Ɗazu bayan la'asar ina shafa mata man zafi a ƙafa, ta kwance ƙullin bakin kallabinta, ta sa mini haƙorin Makkan a tafin hannu. Ɗan ƙarami ne ashe, ba nauyi, gefe ɗaya ya lanƙwashe inda aka kama shi. Ta ce, "Ajiye. Na babanki ne."

Na ce Inna, akwai maganar da... Ta katse ni. "Ta yaron mai gilashi? Shekara nawa ina sayar wa ma'aikata tattasai, pa-da-poroblam zai ɓace mini? Na ji shi sarai." Na ce to me ya sa ba ki ce komai ba? Ta ce, "Fuskarki na gani. Ya ishe ki haka."

Sai ta yi dariya, ba mayafi, giɓin a fili, karo na farko tun ranar kasuwar nan. Ta miƙo ƙafar ta ce in ci gaba, wajen dunduniya, tana jin hannuna.

Gwaggo A'i ta shigo aron rariya, ta zauna tana ba da labarin wata da aka yi wa aikin baya a Kano ta rasa magana. Na ɗauko rariyar na ba ta. Inna sai kallona take yi.