Turmi Ɗaya, Hannu Huɗu

Shinkafi, ranar Laraba

Zuwa ga ɗana Hafizu, Kaura Namoda.

Assalamu alaikum. Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Yaya Saude, ya sa ta huta. Tunda aka yanke layin waya sai takarda. Direban da ya kawo taka shi zai kai maka wannan.

Na gane bayaninka. Waƙoƙin luguden da ka ɗauka a wayarka, ni da mahaifiyarka muna daka ranar sunan ɗiyar ƙanwarka Mardiyya, baturiyar Sifen da kuke aiki tare ta sa su a littafi da yarensu, ta rubuta a bango wai "aikin hannu huɗu". Yanzu kai za ka mayar da littafin Turanci, ka ce ka rasa irin wannan magana a Turancin, sai dai a jera sunaye biyu. Babanka kuwa ya hana a sa sunan matarsa. Shi ya sa kake so in ware baitukana daga nata, a buga nawa kaɗai.

Hafizu, na gwada. Na jawo turmi, na jefa baiti, na tsaya da taɓarya a sama ina jiran amsa har hannuna ya gaji. Geron nan haka ya kwana ba a surfa ba. A lugude in na fara magana ita ke ƙarasawa, gobe ta fara in ƙarasa. In za a cire ta, a cire ni. Ka tambayi babanka me ta yi masa.

Allah ya yi maka albarka.
Innarka, Turai

Zurmi

Zuwa ga Turai.

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya ke da maigidan. Hafizu ya karanta mini takardarki. Yayarki ba ta yi mini komai ba.

Bayan sadakar arba'in ya kunna mini waƙar. Na ji ana cewa, "Mai rowar gishiri, miyar gidansa sai ka ce ruwan rijiya." Turai, da ni ake. Akwai shekarar da na riƙa auna mata gishiri da marfin kwalba. Duk zamanmu ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, ashe a turmi take kai ƙarata.

Muryarku iri ɗaya ce, na kasa bambancewa. Don Allah ki gaya mini, ke kika faɗa ko ita? In ita ce, da abin a ranta ta tafi, ban kuma nemi gafararta ba. Ba na iya barci.

Wassalam.
Labbo

Shinkafi

Yaya Labbo,

Ina gaishe ka, ya ƙarin haƙuri? Takardarka ta sa ni kuka.

Wallahi ban san wadda ta fara faɗa ba. Na so in ce ni ce don ka samu barci, amma ba zan yi wa mamaciya ƙarya ba.

Ku maza ba ku zama gindin turmi, shi ya sa. Matar da miji ya ishe ta ba ta sa shi a waƙa, shiru take daka kamar za ta fasa turmin. Wanda ake so shi ake wa habaici da kiɗa. Ka sake saurara. Bayan baitin nan akwai inda taɓarya ɗaya ta saki kiɗa. Dariya ce ta kama ta har ta dafa kafaɗata. Wannan kam na tuna, don tun da ta rasu nake jin nauyin hannun a wurin.

Rowa kuwa kana da ita. Ranar bikinku goro ɗaya ka ba ni, shi ma da tsutsa.

Kada ka shafe mini sunan 'yar'uwata. Shi kaɗai ya rage mana.

Ka gaida mutanen gida.
Ƙanwarka, Turai

Kaura Namoda

Inna,

Barka da war haka. Na je Zurmi. Baba ya sa na yi ta maimaita masa wurin dariyar har batir ya mutu, yana ta goge ido. Da zan taho ya ce a sa sunayenku biyu, na Umma a gaba. Sharaɗinsa ɗaya: a rubuta a ƙasan waƙar, da Hausa da Turanci, cewa a waccan shekarar gishiri ya yi tsada.

A yi mini addu'a.
Ɗanki, Hafizu