Hoton Mai Keke Ba Zai Sauka Ba

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mai ɗakinka da yara gaba ɗaya. Allah ya yaye maka ciwon bayan nan da ka ce yana hana ka sunkuyawa, ya buɗa maka a wurin aikinka, ya tsare ku a inda kuke. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Uwar yara tana nan da hawan jininta, in ta sha magani ya sauka, in ta ji an ɓata mini rai ya hau, to kwanan nan a sama yake kwana. 'Yar wajen marigayiya yayarmu ta sauka lafiya, an samu mace, kunnuwanta naka ne sak, Allah ya sa iyakar kamar ke nan. Ni kuwa gwiwa ce kawai take yi mini tsiya wajen hawan matakala. Idona ras, hannuna ba ya rawa. Da gangan na faɗi wannan, don na san irin labarin da ake kai maka.

Ka san ban taɓa zama a aji ba. Mai Agogo, maƙwabcina na shago, shi yake rubutawa ina faɗa, kuma sai ya karanta mini duka kafin a rufe. Na ƙi waya ne saboda na san halinka. Kafin in kai tsakiyar magana ka fara to Yaya, haƙuri Yaya, daga nan ka ce layi ba kyau. Takarda ba ta katse mutum, saboda haka ka zauna ka ji ni har ƙarshe.

Ɗanka, babban nawa, ya gaya mini kun yi magana. Wai kun ga ya kamata in bar masa shagon aski in koma gida in huta, a sauke hoton Mai Keke, shugaban jam'iyyarmu, daga saman madubi, a sa talabijin a wurin don masu kallon ƙwallo. Shagon nan Baba ya bar mana mu biyu, ban taɓa musun rabinsa naka ba ne, ko da yake rabonka da riƙe almakashi tun kana da gashi a ka. Amma a ce an zauna an yanke hukunci a kaina, ni da nake buɗe ƙofar nan kullum tun kafin a haifi wanda ya kai ƙarata, ba a ko tambaye ni ba, wannan ya yi mini ciwo, Auta. Kuma tunda gefe ɗaya ka ji, ga ɗaya gefen.

Ka dai ji jam'iyyarmu ta ma'aikata da talakawa ta sha kaye a zaɓen nan, kaye mai muni. Tun ranar kowa ya zama malamin siyasa, kuma duk bakinsu a kan mutum ɗaya, shugabanmu Mai Keke. A rediyo wai an aika a tambayi jama'a, wai mafi yawa sun ce ya tsufa, ya sauka ya ba wani. Wace jama'a? Ni ina bakin titi daga safe har yamma, ba wanda ya tsaya ya ce tsoho me ka gani. Wai jawabinsa ya cika tsawo. Wai ba ya murmushi a hoto. Wai so yake ya raba talauci daidai wa daida, kowa ya samu rabonsa. Wai wanda har yau da keke yake zuwa ofis, da me zai ɗauki ƙasa? Har waɗanda suke tura juna jiya don su tsaya kusa da shi a ɗauke su hoto, yau su ne a gaba wajen cewa dama sun faɗa. Wallahi in na ji su sai in ji kamar in tofar da yawu.

Kai ba ka nan ranar da aka kawo motar rusau za a share layinmu, amma shagonka aka zo rushewa. Manyan da muka kai wa kuka duk sun ce suna taro. Mutumin nan ya zo, ya jingine kekensa a jikin ƙofarmu, ya ɗauki bencin shago da hannunsa ya ajiye a gaban motar ya zauna. Rana ta dake shi har ta gaji, bai tashi ba sai da motar ta juya. Da ya shigo a yi masa aski, na ce ya hau kujera, ya ce akwai ɗan dako a gabansa, ya koma benci ya jira layinsa. Ranar na rataya hotonsa. Duk mai shago a layin nan, daga Mahauci har Mai Faci, a ƙarƙashin rufin da mutumin nan ya tsare yake cin abinci. Shi ne yau rigarsa ɗaya tilo da yake sawa kullum ta zama abin dariya.

Yanzu ga abin da ake kira laifina. Ka san yadda Baba ya koya mana aiki: in ka kwantar da kan mutum ka shafa kumfa, ka yi masa hira, kada hankalinsa ya tsaya a kan aska. Ni ba na aski shiru, ban taɓa ba. To da zaɓe ya matso, hirar me zan yi? Duk wanda ya hau kujerata sai na yi masa bayanin Mai Keke tun daga asibitin unguwa har kuɗin motar haya, in na zo gyaran ƙarƙashin haɓa in tambaye shi, ko ba haka ba? Kowa ya ce haka ne, Baba. Mahauci ya ce haka ne. Direba ya ce haka ne. Malamin makaranta ma, mai gardamar tsiya, ya ce haka ne ƙwarai. Ba mutum ɗaya da ya ce mini a'a. Shi ya sa da wakilin jam'iyya ya zo zai shirya taro a layinmu, na ce masa kada ya ɓata takalminsa, nan duk namu ne, na ji daga bakinsu ɗaya bayan ɗaya, ya kai mutanensa unguwannin da ake da shakka. Ya yi mini godiya ya tafi. Ranar da aka ƙirga akwatin makarantar firamare, ƙuri'un da muka samu ba su kai mutanen da benci biyu zai ɗauka ba. Wakilin ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa, bai ko shigo ba, ya ce tsoho ka kashe mu. Ni da ba a taɓa kama ni da ƙarya ba, maƙaryata suka mai da ni maƙaryaci.

Bayan kwanaki Mahauci ya zo gyaran gemu, shago cike. Na shafa kumfa, na gama gefe ɗaya, na ɗaga aska na tambaye shi a hankali dalilin da ya sa ya ce mini haka ne alhali ba haka ba ne a ransa. Sai ya miƙe zaune, ya juya wajen benci, ya ce jama'a ku gaya mini, wane mahaukaci ne zai yi gardamar siyasa da mutumin da ya ɗora masa aska a maƙogwaro? Ya ce shi sana'arsa yanka ce, ya san inda jijiya take. Shago ya ɗauki dariya, har da ɗanka, ya juya baya yana yi kamar yana gyara injin aski, amma na ga kafaɗunsa a madubi. Auta, a duk shekarun da na yi ina wannan aiki, wa na taɓa yanka? Ko ƙurji ban taɓa fasa wa mutum ba da gangan. A ce tsorona ake ji a kujerata? Na cire masa tawul, na ce ya tashi ya je sabuwar jam'iyyarsa ta ƙarasa masa. Ya fita da rabin gemu da kumfa a kunne, aka bi shi da kallo har shagonsa. Wannan shi ne babban abin da ɗanka ya kira ka a kai, wai na fara rikicewa. Ban rikice ba. Da za a sake, haka zan sake yi.

Tun ranar benci ya karkata. Mutum ya shigo, ya ga kujerata ba kowa, ya gaishe ni da ladabi, ya ce zai jira yaro. Mutanen da na yi wa askin farko suna kuka a cinyar iyayensu! Na ce to, tunda aska ce matsalar, bari mu gani. Na sa ta a aljihun tebur na rufe, na mai da hannuwana baya, na tsaya a tsakiyar shago na ce yau kowa ya faɗi abin da ke ransa. Aka yi ta kallon ƙasa. Direba ne ya yi ƙarfin hali. Ya ce Baba, ba wanda ya ce Mai Keke ɓarawo ne, mutumin kirki ne, amma ba ya sauraron kowa, in ya fara magana sai dai ka ce haka ne ka samu ka tafi. Sannan ya ƙara da cewa ni da shi kamarmu ɗaya. Ban ba shi amsa ba. Ba don ba ni da ita ba, sai don uwarsa ƙawar uwar yara ce. Amma ka duba ka gani, mutum ya yi shekaru yana faɗa maka gaskiya a kyauta, ka rasa abin da za ka kama shi da shi sai cewa ya cika faɗa. Yanzu ma an ce 'yan jam'iyyarsa za su zauna su roƙe shi ya huta. Kalmar da kuka zaɓa mini ke nan, huta. Ban san lokacin da hutu ya zama abin da ake yi wa mutum dole ba.

Ga kuma dalilin da ya sa na ce Mai Agogo ya ajiye aikinsa yau ya rubuta mini. Ka san mai aski ba ya iya yi wa kansa ƙeya. Jiya da yamma da mutane suka ragu, na hau kujera ɗanka ya yi mini kamar yadda ya saba. Ya gama ƙeya, ya ce bari ya gyara mini gemu ma, ya kwantar da kaina, ya shafa kumfa. Hannunsa da laushi, ba zan hana shi wannan ba, ni na koya masa. Sai da ya kawo aska daidai ƙarƙashin haɓata, ya sassauta murya, ya ce Baba, hoton nan dai mu sauke shi gobe, kai kuma ka riƙa zuwa kana sa mana albarka, ko ba haka ba? Auta, wallahi ban san lokacin da bakina ya ce to ba. Ba tsoro ba ne, kada ka ce tsoro ne, wa zai ji tsoron ɗan cikinsa? Maƙogwaro ne kawai ba ya son doguwar magana a wannan lokaci. Da safe na zo na tarar da hoton a jingine bayan ƙofa, fuskarsa na kallon bango, an kira mai haɗa waya yana auna wurin. Da na yi magana, yaron nan ya ce ai ni na amince da bakina, kuma zai kira ka ya shaida maka an gama lafiya.

To ba a gama ba. Na sallami mai haɗa waya, na hau benci da gwiwar nan tawa, na mayar da hoton kan ƙusarsa da hannuna. Abin da nake so daga gare ka guda ɗaya ne. Ka kira ɗanka ka gaya masa da bakinka cewa amincewar da aka karɓa da aska a wuya ba amincewa ba ce, ba ta ɗaure kowa. Mai Agogo ya ajiye biro yana dariya, wai in haka ne ta Mahauci ma ba ta ɗaure shi ba. Na ce masa rubutu na kira shi ya yi, ba shari'a ba. Rabinka na shago naka ne, in ka ga dama ka ba yaro, ya sa talabijin ko goma a bangonsa. Rabina kuwa, da kujerata da bangon da ke samanta, ina ciki har ranar da hannuna zai yi rawa, kuma ni zan fara sani kafin ku. In ba wanda ya hau kujerar, ni zan hau in zauna. Mai Keke ya taɓa zama a gaban abin da ya fi wannan.

Ka gaishe mini da mai ɗakinka, ka ce mata uwar yara ta ga saƙon magani, ta gode. Ka gaida Likita, in har yanzu karatun likitan yake bai sake canjawa ba, da 'Yan Biyu, da ƙaramar nan mai sunan Inna da ban taɓa gani ba sai a waya. Uwar yara tana gaishe ku, Mai Agogo ma ya ce a sa gaisuwarsa. Ɗanka bai san na rubuto ba, amma zai sani in ka kira. Kada ka ce masa haƙuri, kada ka ce mini haƙuri. Ka faɗa masa abin da na ce.

Allah ya sada mu da alheri.

Ni ne yayanka,
Mai Aski