Baba ya ce Madrid, yayana na jira a Barcelona

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan gida. Admin, don girman Allah ka ɓoye sunana. Ku taimaka mini da shawara, kaina ya kulle.

Ni mace ce, iyayena 'yan Maradi, amma a nan Faransa aka haife ni. Ina zaune a Bron, ina aiki a cikin Lyon. Mahaifina yana wani gari, Montreuil, shi kaɗai tun rasuwar mamanmu. Idanunsa sun jima suna ciwo, an yi masa aiki, amma likita ya ja ni gefe ya ce in ba wani ikon Allah ba, ɗan ganin da ya rage ba zai daɗe ba. Da muka fito daga randebun, wato ganin likitan, muna cikin metro, jirgin ƙasa na cikin gari, sai Baba ya ce, "'Yata, kafin duhu ya rufe ni ki kai ni Madrid." Ashe ta can ya shigo Turai yana saurayi, a tasha ya kwana da riga guda, bai ga komai na garin ba sai ƙafafun mutane. Ya ce yana so ya koma da babbar riga, ya zauna a babban dandalin garin ya sha shayi kamar kowa.

Na ɗauki konje, wato hutun aiki, na fara bincike. Wallahi Madrid ta dace da shi, tituna masu faɗi, lambu mai inuwa da kujeru, ga babban masallaci da zai yi Juma'a. Sai dai ba teku, kuma Baba mutum ne mai son kallon ruwa. Barcelona akwai teku, jirgin ƙasa kuma kai tsaye yake zuwa, amma abokan aikina sun ce cunkoso ya yi yawa, ga masu sa hannu a aljihu, ni kuwa da tsoho mai lalube zan bi titi.

To ga inda matsalar take. Yayana, wanda nake bi, a Barcelona yake. Ya bar karatu ya bi wata 'yar can, suka yi aure Baba bai sani ba. Ranar da Baba ya ji, sun yi faɗan da har maƙwabta suka ƙwanƙwasa ƙofa, ya ce ba shi ba shi. Ko a jana'izar mama ba su gaisa ba. Yanzu yayan nawa yana da 'yar yarinya, sunan mama ya sa mata, kuma kamarsu ɗaya sak. Baba bai taɓa ganinta ba, ko hoto na miƙa masa sai ya kau da kai.

Na gwada cewa mu je Barcelona saboda teku, ya gane ni nan take. Ya ce in don wannan yaron ne to a fasa tafiyar, ya gwammace ya makance a ɗakinsa. Na bar zancen. Amma bayan kwana biyu shi da kansa ya kira ni, muna cikin wata hira daban sai ya tambaya wai gaskiya ne a garin nan mutum na iya zuwa bakin ruwa da ƙafa? Da na ce e, sai ya ce to, ya kashe waya. Ni ban san me zan ɗauka daga wannan ba.

Sannan likita ya hana shi hawa jirgin sama saboda aikin idon. Donc, saboda haka, sai jirgin ƙasa, kuma hanyar da na samu zuwa Madrid, dole a Barcelona za mu canza jirgi. Baba bai san haka ba. Na yi kuskuren faɗa wa yayana, sai ya fashe da kuka a waya, namiji babba. Ya ce zai zo tasha da yarinyar, ba zai ce uffan ba, kawai in tsayar da Baba kusa da haske ya ga fuskarta. Na ce masa wannan yaudara ce, ya ce in na hana shi, kuma Baba ya makance bai ga jikarsa ba, ba zai yafe mini ba har abada.

Ni yanzu ko abinci ba na iya ci. Baba yana da hawan jini, ina tsoron ya gan su ya yanke jiki a tsakiyar tasha a ƙasar da ba na jin yarensu. Ina tsoron ya ce ni ma na ci amanarsa, alhali ni kaɗai na rage masa. In kuma na faɗa masa tun yanzu, na san halinsa, zai iya cewa an fasa, ya rasa Madrid ɗin, ya rasa yarinyar. Ga shi har ya kai babbar rigarsa guga, kullum sai ya tambaye ni ko na sayi biye, wato tikitin jirgi.

'Yan uwa, musamman iyayenmu maza da ke cikin gidan nan, in ku ne Baba, wanne za ku iya yafewa? In gaya masa, ko in bari su haɗu a tashar? Don Allah kar ku ce in jira zuciyarsa ta sauko, idon ba ya jira.