Ƙulli Bakwai a Tukunyar Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, ina fata kina cikin rahamar Ubangiji. Na san takarda ba ta isa inda kike, ko da kina raye ma sai an karanta miki. Amma tun shekaranjiya maganar nan ta hana ni sakat, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Duk wanda ya karanta, ya zama shaida.

Inna, wata biyar cur na yi ina miki mummunan zato.

Bayan sadakar arba'in, da aka zo fitar da kayanki, sai aka jawo wata tsohuwar tukunya daga ƙarƙashin gado, bakinta a liƙe da laka. A ciki akwai ƙullin tsumma bakwai, kowane da launin zarensa. Gwaggo Hajo, ƙanwar Baba da ta zo daga birni, ta kwance ɗaya. Toka ce. Ta yar, ta rafka salati, ta ce, "Yau na ga abin da ya ishe ni! Ashe haka take zaune da mu?" Kafin la'asar magana ta zaga Wudil, wai an sami sammu a ɗakinki.

Ni kuwa da ake ce wa malam, akawun gyaɗa mai taƙama da karatun boko, ko yatsa ban sa na tona tokar ba. Na tattara su na kai bakin kogi na watsa, na dawo ina ganin na yi gwaninta. Tun daga ranar, in na ɗaga hannu zan yi miki addu'a, sai zuciya ta ce, to wa ta yi wa? Baba? Ko ni?

Shekaranjiya Juma'a, ranar kasuwa, Iya Tabawa ƙawarki ta Utai ta yi sallama, ta tarar da ni na zo gida. Ciwon ƙafa ne ya hana ta zuwa gaisuwa tuntuni, kuma surutun bai kai mata ba. Ta yi kukanta, ta sha ruwa, sannan ta ce, "Ɗan nan, ɗauko min ƙullin irin tumatir ɗina, mai jan zare. Damina ta ƙarato."

Irin tumatir! Wallahi Inna, sai na zauna a ƙasa da farar rigata.

Ita ta warware min komai. Duk kaka kina zaɓar waɗanda suka fi nuna, ki matse 'ya'yan a ƙwarya, ki wanke, ki shanya a inuwa, ki cuɗa da toka don kada ƙwari su taɓa. Lakar bakin tukunya kuma saboda ɓera ce.

Nan take na tuna bayan ɗakinki, da 'yar dangar kara, da yadda kike ɗaukar ruwan wanke-wanke zuwa can kina korar kaji. Na sha ganin hannunki fari fat da toka, ina zaton tukwane kike gogewa. Shekara talatin ina shan miyarki, ban taɓa tambayar daga ina tumatir ɗin yake fitowa ba. Kina yawan cewa wanda ya cinye iri ya cinye baɗi, ni kuwa ina jin sa kamar zancen tsofaffi.

Dole na faɗa wa Iya abin da na yi. Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. "A kogi?" kawai ta ce, ta sake cewa, "A kogi?"

Ta lissafa min su da yatsu. Ja nata ne, biyar na matan garinku Utai ne da take kai wa duk shekara. Irin kakarki ne, kuma babu wadda take ajiye nata, dukansu da ke suka dogara. Na ce saura ɗaya, mai farin zare. Ta ce, "Ka san ɗan fari ne kai, ba ta faɗin sunanka. Cewa take, wannan na mutumin birni ne, ko Allah zai sa ya dawo gida ya yi shuka. Duk shekara sai ta sabunta shi."

Inna, ashe har da ni kika ƙulla wa, ni kuma na jefa a ruwa ina neman tsari.

Na aika wa Gwaggo. Gobe bayan azahar zan tsaya a ƙofar masallacin unguwa in faɗi gaskiya da bakina, don a bar sunanki ya huta. Iri kuwa ya tafi. Iya ta ce za ta bi gida-gida a Utai ko za a dace da ragowar iri, amma ba ta ɗaukar min alkawari.

Ki yafe min. Allah Ya haskaka kabarinki, Ya ba ki ladan kowace tukunyar miya da irinki ya shiga, Ya yafe wa mai gaggawa irina. Amin.

Ni ne ɗanki,
Mutumin birni.