'Yar Mahauci Ta Bar Nama

Asabar, 6 ga Satumba, 1969

Mun dawo da Baba daga asibiti. Babban yatsan ƙafarsa ya kumbura ya yi ja kamar tumatir, ga jini ya hau. Likitan Batone ne, cikin 'yan asalin Kumasi, yarensu na Tonanci da Turanci kawai yake ji, don haka ni na tsaya tafinta. Ya ce ba nama, ba ƙwai, ba madara, ba man shanu, gishiri ma ɗan kaɗan.

Baba ya ce, "Adiza, tambaye shi, ya san sana'ata kuwa?"

Na tambaya. Likita ya ce ya sani, ƙafar ta riga ta gaya masa.

Ban fassara wannan ba. Baba fa, Sumana mahauci, wanda duk Zangon Kumasi ta san wuƙarsa tun kafin a haife ni, a ce masa ya bar nama. 

Lahadi, 14 ga Satumba

Ya ƙi cin abinci. Mma ta yi masa tuwo da miyar ayoyo zalla, mu kuma namu da naman akuya. Ya ture kwanon da bayan hannu, wai an mai da shi tunkiya a gidansa. Mma ta shiga ɗaki, na san kuka ta je yi.

Ban san lokacin da bakina ya ce, "Baba, daga yau abin da ka ci shi zan ci."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ke? Ke da ba ki iya wuce mai tsire sai kin tsaya?"

Na jawo kwanonsa na sa hannu. Ina jin don ya ga gudun ruwana ne ya sa nasa. Mun cinye dai. Miyar ba daɗi, gaskiya.

Juma'a, 19 ga Satumba

Ashe dabba na ɓoye a cikin komai! Ban taɓa lura ba. Miyar da Mma ke cewa "ba komai a ciki" akwai momoni, kifin nan mai gishiri da wari. Shito, yajin nan da ake soyawa da mai, akwai garin kifi. Fura, nono. Shayi, madara. Ko waken da ake sayarwa a bakin makarantar da nake koyarwa a Krofrom da romon ganda ake zuba shi.

Likita bai hana kifi gaba ɗaya ba. Amma ni yanzu so nake in ga iyakar abin. In aka cire duk abin da ya fito daga jikin mai numfashi, me zai rage a kwano? Mutum zai iya tsayuwa a kansa? Ba wanda na sani da ya gwada. Zan gwada.

Zuma fa? Ban yanke hukunci ba tukuna.

Alhamis, 25 ga Satumba

Na yi mafarkin balangu.

Juma'a, 3 ga Oktoba

A babbar kasuwa na tsaya gun wata mai sayar da kontomire, ganyen gwaza. Maame Akosua sunanta. Ta ga yawan da na ɗiba ta ce biki ake a gidanmu? Na gaya mata. Maimakon dariya sai ta tafa hannu ta ja mini kujera.

Ashe ita da mijinta, wani kafinta a unguwar Anloga, sun daɗe da barin nama da kifi da ƙwai. Cikin masu zuwa coci ranar Asabar suke, wai wasunsu haka suke ci. Na yi ta mata tambaya kamar ɗalibaina 'yan aji uku. Ba kwa jin yunwa? Kin haihu a haka? Ta nuna mini damtsenta ta ce in taɓa.

Ta ce laifin miyarmu shi ne mun cire nama ba mu sa komai a gurbinsa ba. A daka agushi, a ƙara daddawa, a gasa gauta kafin a murza. Ta ƙulle mini wani abu a ganye ta ce kyauta ce, mmire suke ce masa. Da na buɗe a gida Mma ta ce, "Af, naman kaza ne." Wannan farin da ke tsirowa a jikin ruɓaɓɓen icce bayan ruwa.

Baba ya tambaya me ke cikin miyar yau. Na ce naman kaza. Ban yi ƙarya ba. Ya tauna, ya tauna, ya ce wannan kazar ba ta taɓa cara ba. Amma ya nemi ƙari.

Asabar, 11 ga Oktoba

Abin ya dame ni, sai na je gun Malam Alidu, limamin masallacin layinmu. Na durƙusa na ce, "Allah gafarta Malam, laifi ne Musulmi ya bar nama?"

"Kin ce haram ne?"

"A'a."

"To ba ki haramta abin da Allah ya halatta ba. Ciki naki ne. Amma ranar da kika ji kina raina mai ci, ki dawo mu yi magana."

Na tashi zan tafi ya ce, wai da gaske ne naman kaza ya yaudari Sumana? Ashe labari ya kai masallaci.

Laraba, 15 ga Oktoba

Jiri ya ɗebe ni ina rubutu a allo, sai da na dafa tebur. Na ji tsoro. Da aka tashi na bi ta gun Maame Akosua. Ta ja fatar idona ta duba, ta yi mini faɗa da Tonanci kamar ita ta haife ni. Wai rogo da gari nake cika ciki da su, ina wake, ina gyaɗa, ina ganye? Ta ce kullum sai wake ya shiga bakina, in kuma jirin bai tafi ba in je asibiti a duba jinina, kada in yi taurin kai.

Malamai a makaranta sun sa mini Tica Ganye. Abin da nake yi ba shi da suna a Hausa, to gara wannan da "akuya".

Lahadi, 26 ga Oktoba

Baba ya koma mayanka, wai zai riƙa duba ma'aikata kawai. Ranar Alhamis ya dawo gemunsa na ƙamshin ƙuli da yaji.  Yau ƙafar ta tashi, ko zanen gado ya taɓa ta sai ya yi salati.

Ina gasa masa da ruwan ɗumi ya ce, "Ke ba ki taɓa ci ba a ɓoye?"

"Ko sau ɗaya."

"Ko a Krofrom, inda ba mai ganinki?"

"Ko a can."

Ya juya fuska bango. Na so in ce masa ni ma ina sha'awa, sai na ga in na faɗa kamar na ba shi hanya ne.

Laraba, 12 ga Nuwamba

Azumi. Ashe shan ruwanmu na da ma ba dabba a ciki: koko, ƙosai, dabino, lemo. Yau ne karon farko da duk gida muka ci abu ɗaya ba wanda ya ji an ware shi. Jirin ya tafi.

Laraba, 19 ga Nuwamba

Jiya rediyo ta ce duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar, nan da farkon wata mai zuwa. Zango ta rikice. Waye baƙo? An haifi Baba a nan, a gidan nan, amma mahaifinsa daga Dosso ta Nijar ya zo, kuma ba wanda ya taɓa rubuta ranar haihuwar Baba a ko'ina. Baffa Iddrisu, aminin Baba mai kawo masa shanu daga Nijar, ya zo ya zauna a tsakar gida hula a hannu. Ya ce shi kam ba zai jira a ɗaga shi kamar buhu ba.

Ina kallon jijiyar wuyan Baba tana bugawa. Duk ganyen da muka ci, yanzu labari ɗaya zai rushe shi?

Asabar, 29 ga Nuwamba

Tasha cike da mutane da katifu da tukwane, suna jiran mota, wasu sun kwana a can, kuma da azumi a baki. Mma ta ce ba za ta iya zama tana kallo ba, a dafa shinkafa da wake a kai musu na shan ruwa. Nama babu, mahauta rabinsu suna cikin masu tafiyar. Mma ta dube ni ta ce, "To Tica, yau ke ce uwar tukunya."

Da la'asar sai ga Maame Akosua, kwando a ka, cike da kontomire da gauta da manja. Ranar ibadarta ce, ba ta ciniki, ta ce amma ba a hana ta kyauta ba. A wannan makon da wasu ke shigowa Zango don sayen kayan masu gudu a wulaƙance. Mma ta riƙe hannunta, ta sauke mata kwandon.

Ganye ya yi mana yawa, hannu ya yi kaɗan. Baba, wanda ya daina fita ko ƙofar gida don tsoro, ya shiga ɗaki ya fito da babbar wuƙarsa ta fawa. Ya wasa ta, ya wanke, ya ce a miƙo. Ban taɓa ganin an yanka ganye haka ba, siriri kamar zare, kuma ko kallon hannunsa ba ya yi. Maame Akosua ta riƙe baki.

Talata, 2 ga Disamba

Baffa Iddrisu ya tafi. Mun cika masa kwano da wake da ƙuli-ƙuli, ya ce gara haka, nama ba ya kai Bolga, can arewa, bai lalace ba. Baba bai raka shi tasha ba. Sun rungumi juna a zaure.

Alhamis, 11 ga Disamba

Ƙaramar Salla. Sahu biyu ya ragu a masallacinmu. Gidaje uku a layinmu da kwaɗo a ƙofa.

Litinin, 12 ga Janairu, 1970

Alhamdu lillahi. Malam Alidu da wasu dattawa biyu sun tsaya wa Baba shaidar cewa a nan aka haife shi, an ba shi takarda. Yau kuma ya sa takalminsa na fata, wanda ƙafar ta ƙi tun damina. Likita ya gwada shi ya ce jinin ya sauka, zai iya taɓa nama jefi-jefi, marar kitse. Wannan na fassara duka.

A hanya Baba ya ce, "To Adiza, na sake ki. Kin biya, har da riba."

Na ce to.

Lahadi, 18 ga Janairu

Mma ta yanka zabo, ta ajiye mini cinya a gefen kwano. Na ɗauka na sansana, ina so in ji abin da zan ji. Ba ƙyama. Ƙamshin na nan yadda na san shi. Sai dai idona ya tsaya a kan gaɓar, inda take lanƙwashewa, na tuna da safe zabon nan yana kan katanga yana damunmu da kuka. Na girma ina ganin yanka, ban taɓa haɗa biyun ba. Me ya sa sai yanzu?

Na mayar na ce sai gobe. 

Talata, 17 ga Fabrairu

Babbar Salla. Rago ya yi wuya bana tunda masu kawowa sun tafi, amma Baba ya samo ɗan madaidaici. Shi ya yanka, ni na zuba masa ruwa a hannu, ni na kai wa maƙwabta rabonsu. Ba abin da ya dame ni a nan. Ibada ce.

Da aka zauna ci ne Gwaggo Ajara, yayar Baba, ta leƙa kwanona. Wake da agushi.

"Ikon Allah. Ranar layya? 'Yar mahauci? Sumana, ka bari yarinyar nan ta zama abin nuni a Zango? Ko wani abu aka yi mata?"

Da can da "saboda Baba" nake karewa, yanzu ga Baba da tsoka a hannu.

Shi ya amsa. "Yaya, lokacin da aka hana ni, ni da gemuna na ci a ɓoye. Ita da ba a hana ba ta riƙe. Abin da ta ga dama ta ci a gidan nan." Ya juya gun Mma. "Ke Mamuna, a ƙara mata wake."

Gwaggo ta yi tsaki. Mma ta ƙara mini har ya zuba. Na sunkuyar da kai na yi ta ci don kada a ga idona.

Asabar, 28 ga Maris

An yi ruwan farko. Na yanko reshen zogale daga makaranta na kafa a bayan ɗakina, na watsa irin alayyafo a tsohon baho. Don kawai in ga ko za su yi ne.

Na dawo daga wanki na tarar Baba ya je Anloga da ƙafarsa, ya karɓo guntayen katako gun mijin Maame Akosua, yana kewaye wurin saboda awaki. Bai tambaye ni ba, ni ma ban ce ya yi ba.

Mma ta tsaya tana kallonmu ta ce, "Wai Adiza, wannan abu naki sai yaushe?"

Na ce sai na gani, gwaji ne.

Baba, ƙusa a baki, ya ce zogale dai sai baɗi ake cin moriyarsa sosai.

Na ce na sani.