Wayar Fanka da Gashin Zabo

Jega Firchin,
9 ga Satumba.

Zuwa ga ƙanena Abdurrahman,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya. Ya sanyi, ya karatu, ya kewar tuwon Inna? Mu nan sai godiya. Matata Hajara ce za ta ɗauki hoton takardar ga ta tura maka a waya, don na gane saƙon murya ba ka saurare har ƙarshe.

Saƙonka ya iso, kuma madalla da ilimi. Shekara biyu kana Sikotilan ana koya maka sha'anin kifi, ga shi yau amfanin karatu ya fara isowa gida: ƙugiya shida a gwangwani, kowace sanye da riga. Allah Ya ƙara basira. Na buɗe su a shago, na kunna bidiyon da ka turo, rabin layinmu ya taru. Mun ga dattijon Baturen nan mai tabarau biyu ya kama ƙugiya a tsanake kamar wanzami, ya naɗa mata jar waya don ta yi nauyi ta nutse, ya ɗaura mata gashin tsuntsu, har ta zama kamar ƙwaron da ke ƙarƙashin ruwa. Ya shiga kogi har ƙugu da wandon roba, ya kamo kifin nan naku, tirawut. Duk muka ce ba laifi. Sai ya ɗauki hoto da shi, ya shafa mishi baya, ya sake shi. Aliyu mahauci ya sa na maido wurin sau uku, sannan ya tambaye ni ko dangin mutumin sun san halin da yake ciki.

To, ga maganar da ta sa na ɗauki biro. A waya Inna ce maka take yi Baba da sauƙi. Da sauƙin, amma ba duka ba. Wata uku ke nan da hawan jini ya taɓa mishi ɓarin dama. Ƙafar ta dawo, yana takawa da sanda. Hannun ne ya ƙi. Likita ya ce yatsun ba su mutu ba, amma in ba a sa su aiki cikin watannin ga ba, za su sandare, kuma ba dawowa. Ya ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Ƙwallon yana wurin akuyar Inna. Baba ya ce shi ba jariri ba ne.

Mutumin da ya yi shekara hamsin yana jefa ragar birgi a gulbi, yau zaune yake a zaure yana kallon bango. Gaisuwa kawai yake amsawa. Abin da ya fi tayar mini da hankali, ya aika wa Baba Magaji na Gehuru, abokin kamun kifinsa, ya nemo mai sayen jirginsa. An samu wani daga Sarandosa, zai zo bayan girbi. Ni da kai mun san ranar da jirgin nan ya bar bakin gulbi, Baba ya gama sallama da duniya, ko da yana numfashi.

Jiya na kai mishi gwangwaninka don ya yi dariya. Bai yi ba. Ya ɗauki ɗaya da hagu, ya juya ta, ya daɗe yana dubawa. Can ya ce wanga ƙwaro ba na gulbinmu ba ne, namu ya fi duhu, cikinsa ya fi faɗi. Abdurrahman, rabon da in ji magana mai tsawon haka daga bakinsa tun kafin Babbar Sallah.

Ni kuma na duba wayar da Baturenka ya naɗa, na ga irin wadda nake naɗa kwayil ɗin fanka da ita ce. Shekara goma sha bakwai nake wannan aiki, ina da ita buhu-buhu. Wata dabara ta zo mini. Ba zan faɗa ba tukuna, don ka san bakina, in ya riga hannuna abin lalacewa yake.

Ka gaida Baturen in kun haɗu. Ka ce mishi mutanen Jega na yi mishi fatan samun sauƙi.

Naka,
Junaidu.

Jega Firchin,
13 ga Oktoba.

Ƙanena Abdurrahman,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya jiki, ya murar da ka ce ta kama ka? Inna ta ce ka sha citta, ka daina fita ba hula. Kowa lafiya.

Ga dabarar. Ka san Baba zai iya haƙuri da yunwa, da ciwo, da surutun Inna, amma ba ya iya ganin ana ɓata aiki a gabansa ya yi shiru. Sai na fara rufe shago da la'asar, in zo zaure in shimfiɗa tabarma daidai inda idonsa yake sauka. Na ɗaure filaya da roba ta riƙe mini ƙugiya. Na samo gashin zabo a kasuwar Maiyama, na yanko na jar akuyar Inna, na ari zaren ɗinkin Hajara da jan farcenta na liƙe ƙulli. Aron nan har yau ana shari'arsa.

Na zauna ina naɗi da ganganci kamar wanda bai taɓa ganin waya ba. Nan ta hau kan 'yar'uwarta, can ta bar giɓi. Gashin kuwa na cusa shi har abin ya koma kamar tsintsiya. In na gama sai in ɗaga sama in yaba wa kaina da ƙarfi.

Ranar farko ya juya fuska bango. Rana ta biyu ya yi tsaki. Rana ta uku ya ce ko kifin da ya makance ba zai ci wannan ba, sai dai ya yi mata gaisuwar mutuwa. Na ce ai haka Bature ya yi. Ya ce Bature ya taɓa ɗaga dutse a gindin gadar Jega? Washegari sai da ya sa na tafi na ɗago duwatsu, na kwaso mishi ƙwarin da ke manne a ƙasansu cikin kwalba. Ni, Junaidu, da sabon yadi, mutanen tasha na kallo. Ya zuba su a faranti ya yi mini darasi: wanga rarrafe yake, wanga iyo yake, wancan in ruwa ya washe shi kifin karfasa ke bi.

Sabuwar waya mai ƙyalli da nake taƙama da ita ya ture ta gefe. Ya ce ƙyallin zai kori kifi. Ya sa na juye buhun ƙonannun kwayil da nake tara wa 'yan gwangwan, ya tsinci wadda wuta ta ci ta yi baƙi-baƙi, ja-ja. Aka kara ta da ƙwaron faranti, wallahi kamar uwa ɗaya ta haife su. Yanzu duk wanda ya kawo fankar da ta ƙone, har wani farin ciki nake ji, Allah Ya yafe mini.

Sati guda yana aikin da baki. Ranar Talata na ƙara lalata naɗin fiye da kullum, sai ya fizge filayar da hagu. To hagu ta riƙe, wa zai naɗa? Na sunkuyar da kai ina neman almakashin da ke cikin aljihuna. Da wutsiyar ido na ga hannun daman ya taso daga cinya. Wayar ta kuɓuce sau huɗu. A na biyar ya kama ta tsakanin babban yatsa da manuni, ya zagaya. Zagaye shida ya yi, ya ɗauki kusan rabin awa, gumi har gemu. Inna na tsaye bayan labule da kwano, ta koma ciki ba ta kawo abincin ba. Ni ma na fita waje na tsaya duba tayar babur da ba abin da ya same ta.

Yanzu kullum yana yin biyu, wata rana uku. Maganar jirgi dai bai janye ba. Ya ce ɗaure ƙugiya daban, kamun kifi daban, kuma ruwa bai washe ba balle a san ko abin wasan yara ne. Mutumin Sarandosa ya aiko cewa gero ya shiga rumbu, saura dawa. Ka taya mu addu'a gulbi ya riga dawa.

Yayanka,
Junaidu.

Jega Firchin,
24 ga Nuwamba.

Abdurrahman ƙanena,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan jarrabawa ta zo da sauƙi. Inna, Hajara da Baba Magaji duk suna gaishe ka. Baba ma ya ce a gaida Malamin Kifi, kuma da bakinsa ya faɗa, ba ƙari na yi ba.

Ruwa ya washe. Ranar Asabar da hantsi na ɗauki Baba a babur zuwa bakin gulbi, ga masu albasa sai jan ruwa suke da injuna. Baba Magaji ya riga mu, ya kwashe ruwan da ya taru a jirgin. Muka cicciɓi Baba muka zaunar da shi a tsakiya. Ya ɗora tafin hannunsa a gefen jirgin ya daɗe bai ɗauke ba.

Baba Magaji ya zo da gwangwanin tana, ya ce shi ba zai bar iyalinsa su kwana da gashin zabo a ciki ba. Baba ya ce mishi mai tana roƙon kifi yake yi, shi kuwa hira zai yi da su. Haka suka yi ta yi har gindin gada, kamar ba su ne masu jikoki ba.

Ba mu da sandar Bature mai lanƙwasa, gora ce da zaren fatsa. Baba ya sa aka tsayar da jirgi sama da duwatsu, ya saki ƙugiyar ruwa ya tafi da ita. Nan na ga amfanin wayar: ba ta yawo a sama, nutsewa take a hankali tana gangarawa kusa da ƙasa, kamar ƙwaron da ruwa ya ɓamɓaro daga dutse. Ya riƙe gorar da hagu, zaren kuma ya ratsa tsakanin yatsun dama, wai da su yake jin abin da ke faruwa a ƙasa.

Gaskiya dai sai an faɗa. Kafin azahar mai tana ya kama tara, mu ko ɗaya. Na fara shirya abin da zan ce a hanya. Sai na ga yatsun nan sun matse zaren kam, tun kafin gorar ta motsa. Su suka fara ji, Abdurrahman, yatsun da aka ce za su sandare. Karfasa ce, faɗinta ya kai tafin hannuna biyu. Ya ƙi a taimaka mishi. Da ta faɗo cikin jirgi ya yi dariyar nan tasa mai tari a ƙarshe, wadda na ɗauka mun rabu da ita. Can ya ƙara da kifin ƙawara ɗaya.

Don in cika maka al'ada, na ɗauki hoto, na ce to Baba, yanzu sai a shafa mata baya a sake ta. Kallon da ya yi mini, da Baturenka na wurin da ya tuba. Inna ta yi miya da ita, Baba ya ci da hannun dama, rabi a baki rabi a riga, bai bari an ba shi cokali ba.

Mutumin Sarandosa ya zo ranar Litinin. Baba ya karɓe shi hannu biyu, aka kawo mishi fura, ya ba shi kyautar ƙugiya biyu masu riga, ya ce jirgi dai yana da aiki bana. Mutumin ya tafi yana jujjuya su, bai san ko godiya zai yi ba.

Saura abu ɗaya, kuma ba don na saba faɗa maka gaskiya ba da na ɓoye. Da na raka Baba Magaji tasha, daɗi ya ɗebe ni na ba shi labarin dabarata tun daga farko, yadda na riƙa ɓata naɗi da gangan har tsoho ya faɗa tarko. Ya yi dariya har ya dafa mota. Ya ce ɗana, ai tun rana ta biyu babanka ya gaya mini. Wai Baba ya ce mutumin da ke naɗa zagaye ɗari huɗu a cikin fanka ba ɗaya ya hau ɗaya, shi ne zai kasa shida a kan ƙugiya? Na ce to me ya hana shi tona ni? Ya ce ya tambaye shi haka. Baba ya ce tun ina ɗan shekara goma yake son in zauna kusa da shi in koyi gulbi, na ce ƙarnin kifi nake gudu, na tsere kasuwa. Yanzu ga ni da ƙafata ina rufe shago da la'asar, ina ɗaga duwatsu, ina tambayar sunan ƙwari. Ya ce in ya nuna ya gane, zan koma kasuwa. Shi ya sa ya ja abin sati guda kafin ya ɗaga hannu.

Na dawo gida a hankali ranar. Na tarar da shi a zaure ya shimfiɗa mini tabarmata, ya ajiye filaya a kai. Na zauna na naɗa mishi ɗaya tsaf, irin naɗin da nake wa fankar masallaci. Ya duba ya ce ba laifi, gashin ya yi yawa.

Asabar mai zuwa za mu koma, wai zai koya mini tuƙin jirgi. Ka turo ƙananan ƙugiyoyi in ka samu mai zuwa, tsirara, mu za mu yi musu riga.

Kai da ka yi shekara biyu kana karatun kifi, ka duba mini a littattafanku: tsakanin ni da karfasar nan, wa Baba ya fi shan wahalar kamawa?

Yayanka mai ƙaunarka,
Junaidu Mai Fanka.