Ƙarfen da Ke Cinyata

Maman 'Yan Biyu,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da yara. Ya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi. Ni lafiyata ƙalau, in dai zama a keji lafiya ce.

Oga ya sake ƙin sauya min wurin aiki. Wai babu wanda zai karɓe ni. Wa zai yarda ya zo dajin da ko waya ba ta kamawa?

Kin ce in faɗa miki abin da za ki gaya wa yara idan sun tambayi aikin babansu. Ki ce ina auna maganaɗisun duniya, abin da ke juya kamfas ya nuna arewa. Mafi yawansa daga narkakken ƙarfen da ke can tsakiyar ƙasa yake fitowa, kaɗan daga duwatsu, wani kuma rana ce ke tayar da shi can sama. Ni in auna in aika, mutanen hedikwata su zuba a kwamfuta su raba wa kowanne kasonsa, su zana taswira. Su suna shan iskar ofis, ni ina ɗakin katako da ko ƙusar ƙarfe babu. Kafin in shiga sai na ajiye makulli, bel, agogo, har tabarau, don ƙarfe ɗan mitsitsi ma ɓata awon yake yi. Ashe ba banza kike ce min Malam Ba-ƙarfe ba.

Wanda na gada ma bai tsira daga wurin nan ba sai da likitoci suka sa masa ƙarfe a ƙashin ƙugu, ɗakin ya haramta gare shi.

Abin da ke cin raina, yadda yaran suka ɓoye a bayanki zuwana na ƙarshe, ƙaramar tana tambaya ko mai gyaran fanka ne. Na yi dariya a lokacin, amma wallahi har yau abin na min ciwo.

Ki gaishe da kowa.
Naki, Ba-ƙarfe.

*

Maman 'Yan Biyu,

Sallama da fatan alheri. Ya Inna, ya yara? Kada hankalinki ya tashi, daga gadon asibiti nake rubuto miki. Babur ya kayar da ni a hanyar sayo cefane, cinyata ta karye. Kada ki taso ki bar Inna, ana kula da ni.

Ga albishir: ƙarfe suka sa min, dogo, tun daga ƙugu har kusa da gwiwa! Da na ga hoton ƙashin sai na kama dariya, har nas ta zo tana taɓa goshina. Oga dai ba shi da ta cewa yanzu. Ki kwashe kayan ɗinkin da kika jibge a gefena na gado, maigida na tafe.

Naki, mai ƙarfe yanzu.

*

Maman 'Yan Biyu,

Ina gaisuwa, ina fata duk kuna lafiya. Ƙafa ta yi sauƙi, ina takawa da sanda.

Oga ya zo da kansa ya ce sai an gwada ni kafin ya sa hannu a takardar sauyin wurin aiki. Na ajiye makulli da bel kamar kullum, na dogara sandar katako na shiga. Na matsa kusa da na'ura. Na ƙara matsawa har cinyata na gogar teburin. Ban taɓa roƙon Allah awo ya ɓaci ba sai ranar. Lambobin nan ko gezau.

Da na koma asibiti a duba ni, na tambayi likita. Sai ya washe baki yana alfahari. Wai lokacin da ake tura ni ɗakin tiyata, maganin barci ya fara ɗibata, na riƙe masa riga ina magiya kada a sa min ƙarfen da maganaɗisu ke ja, zai ɓata awo. Shi ya sa ya tashi hankalin kowa har aka samo wani iri na musamman. Yana tsaye yana jiran godiya. Na gode masa, ya zan yi?

Ban tuna na faɗi haka ba, amma na san bakina ne. Ko a sume, ɗakin nan na tsare, ba ku ba. Ki yafe min.

Gobe da safe zan koma awo. Ki mayar da kayan ɗinkinki inda suke. Ki dai riƙa nuna wa yaran hotona, ki ce musu ba mai gyaran fanka ba ne.

Naki har kullum,
Ba-ƙarfe.